Wanda ya ci la'ada ba zai ce babu ruwanshi ba: maganar tallar damfara a wayoyinmu

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in zauna in rubuta ta, ko da za ta yi tsawo ku yi haƙuri da ni.

Duk ranar da labari ya zagaya cewa an damfari wani a garin nan namu na Maradi ta waya, ko a fada ne ko a bakin kasuwa ko a gurup ɗin dangi, kafin mai ba da labarin ya rufe baki sai ka ji wani ya ce ai kwaɗayi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala, wa ya aike shi. Shi kenan an kashe magana. Wanda anka cuta ya koma gida da asara biyu, ga ta kuɗi ga ta mutunci, ɓarawon kuma ba a san ma ƙasar da yake ba balle a je a kamo shi. Ni kuma abin da ke damuna shi ne akwai na uku a cikin wannan ciniki wanda ba mu cika kiran sunanshi ba, alhali shi ne ya karɓi kuɗi a hannun ɓarawon, shi ya ɗauko tallar ya kawo ta har tafin hannun mutum, kuma shi ya zaɓi wanda za a nuna ma wa. Manyan kamfanonin nan nake nufi, masu Facebook da Instagram da YouTube da TikTok.

Da farko ya kamata mu raba abu biyu, don mutane da yawa suna haɗa su. Akwai abin da mutum ya rubuta a shafinshi don kanshi, ya yi ƙarya ko ya yi gaskiya, abokanshi sun gani sun tura ma wasu. Akwai kuma talla, wadda za ka ga an rubuta Sponsorisé da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan shafin, wadda ba ka bin mai ita, ba ka san shi ba, ba ka neme shi ba, kawai kana cikin kallon hotunan bikin ƙanwarka sai ga ta ta faɗo tsakiya. Wannan ta biyun ba da kanta ta zo ba, kuɗi anka biya. Mai tallar yana shiga ya zaɓi gari, zai iya cewa Maradi da kewayenta kilomita kaza, ya zaɓi shekarun mutanen da yake so, maza ko mata, ya sa katin banki, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba tallar ta fara yawo. Daga nan kuma aikin ya koma hannun kwamfutocin kamfanin, su ne ke duba wa ya fi yiwuwa ya tsaya ya kalla, wa ya fi yiwuwa ya danna, sai su ƙara tura mashi. Ke nan ɓarawon ba shi ke yawon neman wanda zai cuta ba, an ɗauke mashi wannan wahalar, shi dai ya biya ya zauna yana jiran saƙo ya shigo.

Kuma kun san irinsu, ba sai na yi ta lissafi ba. Ga ta zuba jari, wai ka sa jika goma ka kwashi jika hamsin cikin sati. Ga ta tallafi, an ɗora tambarin wata ƙungiyar agaji ko tutar ƙasa an ce ana raba jari ga mata da matasa amma sai ka biya kuɗin dosiye. Ga ta biza da aiki a Saudiyya ko Dubai ko Kanada, ga Umara mai arha wadda ko kuɗin jirgi farashin bai kai ba, ga sola da waya a rabin kuɗi. Wadda ta fi ɗaga mini hankali ita ce ta magani. Mutum yana fama da ciwon suga ko hawan jini shekara da shekaru, ya gaji da layin asibiti, ya gaji da sayen ƙwaya duk wata, sai a nuna mashi wani sanye da farar riga yana cewa ga garin maganin da zai raba ka da ciwon kwata-kwata cikin kwana bakwai. Wannan idan ya yarda ba kuɗi kawai zai rasa ba, zai iya ajiye maganin da likita ya rubuta mashi, kuma mun san inda ajiye maganin hawan jini ke kai mutum. Shi ma za mu ce kwaɗayi ne? Kwaɗayin me, na lafiya?

Yanzu kuma abin ya ƙara muni da wannan fasahar da ke kwaikwayon fuska da murya. A Najeriya an yi ta yaɗa bidiyon bogi da fuskar Aliko Dangote kamar yana kiran mutane su zuba kuɗi a wani dandali, bakin yana motsi muryar kamar tashi, alhali bai taɓa faɗin haka ba. Ana ɗaukar tambarin manyan gidajen labarai a manna a kan labarin ƙarya. Mu kuwa nan Maradi duk abin da ya tashi a Kano da Katsina ƙurarshi sai ta iso mu, harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, 'yan kasuwarmu na bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya kullum, da yawa suna da asusun naira a waya. Tallar da anka shirya don Bakano ba ta buƙatar fassara kafin ta kama mutumin Tibiri ko Madarumfa.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, mai tuyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa, mace ce mai lissafi wadda ko dala ɗaya ba ta ɓace mata a ciniki, ita ce ma uwar adashen matan layinmu. Ta ga tallar tallafin jari a wani shafin sada zumunta, da Hausa tsantsa, da hoton mata irinta suna karɓar keken ɗinki. Ta danna, sai abin ya kai ta hira da wani mutum mai ladabi, Hajiya kaza Hajiya kaza, ya ce kuɗin rajista, ta tura, bayan kwana biyu ya ce kuɗin tamba, ta tura, sannan ya ce an zaɓe ta cikin waɗanda za a ba babban kaso amma sai ta nuna tana da jari a ƙasa. A nan ne ta taɓa kuɗin adashe. Da nimeron ya daina shiga ta zo wurina da wayar a ƙulle a bakin zane, ta ce ɗana duba mini ko reso ne. Na duba na ce Inna ba reso ba ne. Abin da ta tambaye ni shi ne ya tsaya mini a rai, ba ta ce wa ya cuce ni ba, cewa ta yi, to su masu abin da kansu ba su duba kafin su sa? Don ita a saninta, abin da anka sanar a rediyo an san wanda ya kawo shi. Ba za ka shiga gidan rediyo a garin nan da takarda ka ce a karanta cewa kana ninka kuɗi, su karɓa su karanta ba tare da sun san kai waye ba, kuma in an zo neman ka sun san inda za su nuna. Da wannan hankalin ta kalli tallar waya, kuma ni ban ga wautarta ba. Watanni ta yi tana biyan matan nan kuɗinsu da guminta, ba ta kai ƙara ko'ina ba saboda kunya.

Mu da muka taso a garin kasuwa mun san hukuncin wannan tun kafin a ƙirƙiro intanet. Ka je kasuwar dabbobi ka sayi jar akuya ta hannun dillali, ya ci la'adarshi, bayan sati mai akuya ya zo da shaidu ya ce tashi ce anka sace. Wa za a fara nema? Dillalin. Dole ya fito da wanda ya kawo mashi dabbar, in ya kasa to shi zai ɗauki nauyi, kuma ba zai buɗe baki a gaban sarkin kasuwa ya ce ni haɗa ku kawai na yi ba, don abin da ya sa ake ba shi la'ada ke nan, ya san mai kaya, ya tsaya mashi. Wanda ya ci kuɗin haɗa ciniki ya ci har da alhakin cinikin. Kamfanonin nan aikin dillanci suke yi, sai dai sun ɗauki la'adar sun ajiye alhakin. A Amurka ma akwai wata doka ta 1996, sashe na 230, wadda ta ce ba a kama mai dandali da laifin abin da wani ya wallafa a kai, kuma da ita suke kare kansu a kotu shekara da shekaru. Zan iya fahimtar wannan a kan rubutun da mutum ya yi don kanshi, ba wanda zai iya karanta duk abin da duniya ke rubutawa. Amma tallar da ka karɓi kuɗinta, ka auna ta, ka zaɓar mata mutane? Wannan hannunka na ciki dumu-dumu.

Da a ce ba su sani ba ne da da sauƙi. A watan Nuwamba na 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da rahoto a kan wasu takardun cikin gida na Meta, wato uwar Facebook da Instagram da WhatsApp. Takardun sun nuna cewa kamfanin da kanshi ya yi ƙiyasin kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin da zai samu a 2024, wajen dalar Amurka miliyar 16, daga tallar damfara da ta haramtattun kaya za su fito. Ku tsaya ku auna wannan kuɗi. In ka mayar da shi sefa ya kai wajen miliyar 9000, alhali kasafin kuɗin Nijar gaba ɗaya na 2025, da albashi da asibitoci da lakwal da tsaro da komai, kaɗan ya haura miliyar 3000. Takardun sun kuma ce a kowace rana ana nuna ma mutane tallace-tallace wajen miliyar 15 waɗanda alamun damfara sunka fito fili a jikinsu. Kowace rana fa.

Amma ba yawan kuɗin ne ya fi tsaya mini ba, yadda suke yanke hukunci ne. Rahoton ya ce ba sa korar mai talla sai kwamfutarsu ta tabbatar kashi 95 cikin 100 cewa macuci ne. In zargin bai kai nan ba amma dai ana ganin alamar ɓarawo ne, sai a ƙara mashi farashin talla. Su sun ce wai don a karya mashi gwiwa ne. To amma mai cuta da ke kwasar jikkunan mutane, ƙarin kuɗin talla zai hana shi? Zai biya, ya ci gaba, kamfanin kuma ya ƙara samun riba a kan mutumin da shi kanshi yake zargi. Haka kuma an ce ƙaramin mai talla sai an kama shi da laifin damfarar kuɗi aƙalla sau 8 kafin a rufe shi, manyan masu kashe kuɗi kuwa akwai waɗanda sunka tara laifi sama da 500 ba a rufe su ba. Sannan wanda ya taɓa danna tallar damfara sau ɗaya, tsarin zai ɗauka irin abin da yake so ke nan, sai ya ƙara jero mashi wasu. Ma'ana wanda anka cuta jiya shi ne anka fi kai ma ɓarayi yau. Akwai ma wata takarda ta 2023 da ta nuna mutane na kai ƙarar 'yan damfara da ke turo musu saƙo, ƙararraki na gaskiya wajen 100,000 a kowane sati, amma kashi 96 cikin 100 ko dai an yi biris da su ko an yi watsi da su bisa kuskure.

Don adalci, Meta ta mayar da martani. Ta ce wancan ƙiyasi na kashi 10 lissafi ne na sama-sama wanda ya haɗa har da tallace-tallace na halal, ta ce tana yaƙi da damfara sosai, kuma a 2025 ta cire tallar damfara sama da miliyan 134. Google ma a rahotonshi na 2024 ya ce ya toshe ko ya cire talla miliyar 5.1, ya dakatar da asusun masu talla miliyan 39.2. Ban ce ƙarya suke yi ba, kuma na yarda ɓarayin nan ba barci suke ba, ka rufe shafi ɗaya su buɗe goma. Amma wannan adadin ni abin da yake gaya mini shi ne ƙofar a buɗe take. In har kana rufe asusun masu talla miliyan 39 a shekara, to tambayar ita ce ta yaya sunka shigo tun farko, wa ya tambaye su takarda a bakin ƙofa?

Kuma an ga cewa in anka matsa musu suna iyawa. A Ingila akwai wani mai ba mutane shawara kan harkar kuɗi, Martin Lewis, wanda 'yan damfara sunka dinga sa hotonshi a talla. Ya kai Facebook kotu a 2018, a farkon 2019 sunka sasanta, kamfanin ya ba da fam miliyan 3 ga wata ƙungiyar taimakon jama'a kuma ya ƙirƙiro maɓallin kai ƙarar tallar damfara don mutanen Ingila. Tun 2021 Google ba ya barin kowa ya yi tallar harkar kuɗi a Ingila sai ya nuna hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta san da shi. A Ostareliya hukumar kare masu saye ta maka Meta a kotu a 2022 kan tallar bogi ta kirifto, wato kuɗin intanet, da hotunan sanannun mutane. Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta iya cin babban kamfani tarar da ta kai kashi 6 cikin 100 na cinikinshi na duniya baki ɗaya, Ingila kuma dokarta ta 2023 ta kai har kashi 10. Taiwan ta wajabta a tantance mai talla kafin tallarshi ta fita. Singafo a 2025 ta ba Meta umarni kai tsaye ta ɗauki mataki kan masu kwaikwayon jami'an gwamnati ko ta biya tara. Duk inda hukuma ta nuna da gaske take, sai ka ga dabarar da anka ce ba ta yiwuwa ta yiwu cikin 'yan watanni.

To mu fa? Nan ne abin ke ba ni tsoro, don hankali ma ya isa ya gaya maka cewa in anka tsaurara a can, ɓarawo ba tuba zai yi ba, wurin da babu mai gadi zai nufa, kuma mu ne wurin. Facebook ya sa Hausa cikin harsunanshi tun 2016, mun yi murna a lokacin, kuma ya cancanci murna. Amma shigo da mutane abu ne daban, tsare su abu ne daban. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da anka ware don tantance labaran ƙarya Amurka anka ware ma wa, sauran duniya kaf ta raba kashi 13. Masu duba abubuwan da ake wallafawa da harsunan Afirka, har da masu jin Hausa, a Nairobi sunka yi aiki ƙarƙashin wani kamfanin kwangila mai suna Sama, kuma a 2023 anka sallame su, maganar har ta kai kotun Kenya. Yanzu ka ɗauki tallar da anka yi da murya, ba rubutu ba, da Hausar kasuwa, ana cewa jika da dala, an cakuɗa da Faransanci, wani lokaci an sa ayar Alƙur'ani a farko don a sayi zuciyar mutum. Wace kwamfuta ce za ta kai tabbacin kashi 95 a kan wannan? Ɗan lakwal na unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo a nan Maradi da ya saurara minti ɗaya zai gane cuta ce, amma ba shi anka ɗauka aiki ba.

Maƙwabtanmu dai sun ɗan motsa. A 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya ta kai Meta kotu tana neman naira miliyar 30 kan tallar da ake nuna ma 'yan ƙasar ba tare da an tantance ba, a Yulin 2024 kuma hukumar kare masu saye ta ci kamfanin tarar dalar Amurka miliyan 220, ko da yake wannan kan yadda ake sarrafa bayanan mutane ne. Mu a nan muna da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma damfara ta waya laifi ce a cikinta. Sai dai in ka saurari yadda ake maganar dokar, kusan kullum kan wanda ya zagi wani ne ko ya yaɗa wani labari, ba kasafai ake jin an tayar da ita don talakan da anka kwashe ma jari ba. Kuma ko an kama yaron da ya je ya ciro kuɗin a gishe, shi ɗan aike ne, dandalin da ya tallata cutar yana can ba wanda ya tambaye shi komai, ba su da ofis a Yamai balle Maradi. Na san Nijar ita kaɗai kasuwa ce ƙarama a idonsu. Amma in ƙasashen Sahel sunka haɗa baki, in anka haɗa da sauran masu jin Hausa da ke Najeriya da Gana da Kamaru da Chadi, ai mutane ne masu yawan gaske, kuma ba na ganin dalilin da zai hana a nemi abin da Taiwan ta nema.

Bari in ɗan karkata kaɗan, don akwai ƙananan dillalai a cikinmu su ma. Masu shafuka da mabiya dubbai, masu barkwanci a TikTok, masu riƙe da manyan gurup, waɗanda ake tura ma jika biyar ko goma a ce su sanar da wani dandalin zuba jari ko wani maganin haihuwa, su kuma su sanar ba tare da sun tambayi komai ba, in ta fashe su ce mu ma talla anka ba mu. Ɗan uwa, mutanen nan don sun yarda da kai sunka tura kuɗinsu, fuskarka sunka gani ba ta mai kayan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma Alƙur'ani ya hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Abin da nake nema a wurin kamfanin Amurka ba zan yafe ma na gida ba. Bambancin kawai shi ne na gida ana iya samun shi a unguwa a yi mashi magana.

Ba ina cewa mu daina faɗakar da juna ba. A ci gaba da gaya ma iyayenmu cewa tallafin gaskiya ba ya neman kuɗin rajista ta waya, biza ba ta fitowa daga hira da wanda ba ka taɓa gani ba, kuma lambar sirri da ke shigowa ta saƙo ba a karanta ma kowa ita. Wanda ya iya karatu ya shiga bayanan shafin ya duba yaushe anka buɗe shi, sau nawa anka canza mashi suna, wani lokaci har ƙasar da masu tafiyar da shi suke za ka gani, sai ka tarar shafin da ke cewa shi ofishin agaji ne a Yamai satin jiya anka buɗe shi. Wanda anka cuta kuma ya daure ya je kwamisariya ko wurin jandarma da resin tura kuɗin da nimeron, don shirun da muke yi saboda kunya shi ke sa a ga kamar matsalar ba ta da yawa. Amma wallahi rashin adalci ne a ɗora dukan nauyin tsaro a kan tsohuwar da ba ta yi boko ba, a ce ita za ta bambance muryar gaskiya da ta kwamfuta, alhali kamfanin Meta da ya samu sama da dalar Amurka miliyar 160 a 2024 ya bar tallar ta wuce ta gabanshi.

Abin da nake so a nema a wurinsu ba wani abu ne mai wuya ba. A nan ƙasar ko layin waya ba ka samu sai ka nuna katin ɗan ƙasa, kuɗi in anka turo maka ba ka karɓa a gishe sai ka nuna takarda. To don me wanda zai yi magana da mutum dubu ɗari a Maradi kan kuɗinsu da lafiyarsu zai shigo ba suna ba fuska? Duk mai tallar zuba jari ko magani ko aikin ƙasar waje ko aikin Hajji da Umara ya nuna takardar shaida da izinin hukumar ƙasar da yake son tallar ta fita, kuma a rubuta sunanshi na gaskiya a jikin tallar kowa ya gani. A ɗauki 'yan ƙasa masu jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci su riƙa sauraren ƙararraki, a biya su da kyau, ga matasanmu nan sun gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna zaune ba aiki. Kuɗin da kamfani ya karɓa a kan tallar da ta tabbata ta damfara ce kada ya zauna a aljihunshi, a mayar da shi wurin waɗanda anka cuta ko wurin aikin faɗakarwa.

Sai kuma wani abu guda da ko sisi ba zai ci musu ba. Ranar da sunka gano talla ta damfara ce sunka cire ta, sun san duk wanda ya gan ta, sun san duk wanda ya danna, da ranar da sa'ar, don da wannan lissafin ne suke cajin mai tallar. Su tura ma waɗannan mutane saƙo da harshen da anka yi tallar, su ce tallar nan da ka danna ranar kaza ta macuta ce, kada ka tura kuɗi, in ka fara ka tsaya. Irin wannan damfara ba a rana ɗaya ake gama ta ba, ana jan mutum ne kwana da kwanaki, daga kuɗin rajista zuwa na tamba zuwa babban kaso, kuma mutane da yawa suna tsakiyar hirar ne a lokacin da ake cire tallar a ɓoye ba tare da an gaya musu komai ba.